Babi na Shida: Mai Shaidar Gwani

A Kasuwar Sabon Gari ba a tambayar mutum takarda. Idan ka kai wayarka da ta faɗa ruwa, ko janaretonka da ya ƙi tashi, ba za ka ce wa mai gyara ya nuna maka satifiket ba. Abin da za ka tambayi na kusa da shi shi ne, "Yaron wa ne?" In aka ce yaron wane ne, a shagonsa ya tashi, sai hankalinka ya kwanta, ka bar kayanka ka tafi sallah. In kuwa ba wanda ya san ubangidansa, tsayawa za ka yi a kansa har ya gama, idonka a kan yatsunsa, kada a sauya maka batir.

Wannan gajeriyar tambaya ta girmi duk wata hukuma da ke sa ido kan ilimin sana'a a ƙasar nan. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, kowace babbar sana'a tana da shugaban da fada ta sani: Sarkin Maƙera, Sarkin Magina, Sarkin Fawa, Sarkin Aska. Su ke raba gardama tsakanin mai aiki da mai kaya, su ke tara mutanensu idan sarki yana da aiki, kuma in suka ce wane ya iya, wane bai iya ba, da wuya a musa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a wajen ganuwa, daura da Fagge, domin baƙin da suka biyo dogo, sai waɗansu hanyoyin koyon sana'a suka shigo tare da su, suka zauna har yau. Ɗan kasuwa Ibo yakan ɗauko yaro daga garinsu ya riƙe shi shekaru, ci da sha da kwana duk a wuyansa, ranar sallama ya ba shi jari ya buɗe nasa shagon, sau da yawa a layi ɗaya da na ubangidan. Bayarabe tela ko makanike yana da ranar yaye, da biki, da takarda mai hatimin ƙungiya. Bahaushe kuwa uba ne zai riƙo hannun ɗansa ya kawo, ya ce, "Alhaji, ga ɗanka nan, amana na ba ka." Babu wa'adi a rubuce, sai ranar da maigida ya ga hannun yaro ya faɗa. Hanyoyin sun bambanta, amma jinginar ɗaya ce: sunan maigida. In yaro ya ɓata aiki, ubangidansa ake zagi.

Tsarin yana aiki, kuma duk wanda zai shigo kasuwar nan da niyyar gyara shi, gara ya fara da yarda cewa yana aiki. Sai dai yana da iyaka. Sunan maigida ba ya tafiya nesa. A layin masu kayan wuta na Titin Faransa kowa ya san shi. A Bata da 'Yankura ma an ji labarinsa. Amma kamfanin gini a Abuja bai san shi ba, balle mai ɗaukar ma'aikata zuwa Saudiyya ko Qatar. Gwanin da ya shekara ashirin yana haɗa wutar gidaje zai je neman aiki a rubuta shi lebura, a ɗora masa shugaba yaro mai difloma da bai taɓa jan waya a bango ba.

Akwai kuma iyakar da ta fi wannan haɗari. Kasuwa ta iya kama kuskuren da ke bayyana da wuri. Rigar da ta yi ƙunci gobe za a dawo da ita, wayar da ta sake mutuwa jibi mai ita zai zo yana faɗa. Amma wayar wutar da aka sa siririya inda ake buƙatar mai kauri ba ta nuna kanta sai bayan shekara biyu, da tsakar dare. Duk lokacin da gobara ta tashi a kasuwannin Kano, kamar wadda ta cinye dubban shaguna a wannan kasuwa a watan Maris na 2016, abin da bakin mutane ke fara kamawa shi ne wayar wuta. Kuma sana'o'in da suka fi bunƙasa yanzu duk masu ɓoye laifi ne. A 2018 hukumar samar da lantarki a karkara, REA, ta sa Kasuwar Sabon Gari cikin kasuwannin farko da aka fara ba shagunansu wutar sola. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, janareto ya zama kayan masu hali, sola ta shiga gidaje da masallatai da shagunan aski. Wa ya koya wa masu haɗa ta? Dattawan layin ba a kanta suka tashi ba. Yaran sun koya ne a YouTube, da rukunonin WhatsApp, da bidiyon wani mutumin Indiya ko Pakistan da ba sa jin yarensa amma suna bin hannunsa da ido. Wasunsu sun ƙware ƙwarai da gaske. Wasu kuma suna haɗa batura a ɗakin kwana babu abin katse wuta. In ka tambaya yaron wa ne, babu amsa, don ba yaron kowa ba ne.

Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin wannan matsala. Mutum yana iya karanta littafi shi kaɗai har ya haddace, amma ba a ba shi izinin karantar da shi sai wani malami da aka san malaminsa ya zauna da shi, ya ji karatunsa, ya ba shi ijaza. Koyo ta intanet ya yawaita littafi, bai kawo mai ba da ijaza ba. A wannan giɓi ne wata sabuwar sana'a ta tsiro, wadda galibin matasan Kano ba su ma san ana cin abinci da ita ba.

Gidan sana'ar yana Kaduna. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, an kafa ta a 1977 domin sa ido kan kwalejojin kimiyya da fasaha, kuma shekara da shekaru aikinta bai wuce harabar makaranta ba: a je a ƙirga injuna, a duba takardun malamai, a ba kwas izini ko a hana. Mai sana'ar kasuwa abin da ya rage masa shi ne tsohuwar jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, mai aji uku, wadda direbobi da makanikai ke nema idan za su shiga aikin gwamnati. A 2013 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da wani sabon tsari na auna ƙwarewa, wanda yanzu ake kira NSQF, aka fara shi da matakai shida, daga mai koyo har zuwa wanda ƙwarewarsa ta yi daidai da babban digiri. Daga Ingila aka aro fasalinsa, inda suka fara irinsa a shekarun 1980. Abin da ya raba shi da jarrabawar makaranta shi ne ba ruwansa da inda ka koya. Ko a foliteknik ne, ko a rumfar Titin Beirut, ko a waya, tambayar ɗaya ce: za ka iya yin aikin yadda masu sana'ar suka yarda a yi shi? Wannan "yadda" a rubuce yake, sana'a-sana'a, ɗaki-ɗaki, kuma masu sana'ar ake tarawa su zauna da masana a tsara shi.

Mutum uku ne ke riƙe da tsarin. Na ƙasa shi ne mai tantancewa, kuma a kansa nauyin yake. Ba malami ba ne, ba kuma mai tsaron ɗakin jarrabawa ba. Aikinsa shaida. Zai zo shago da takardar ma'aunin sana'a a hannunsa, ya sami wuri ya zauna, ya bar mai gyaran firji ya yi aikinsa na yau da kullum a kan firjin wani mai kaya na gaske. Yana kallo: ya cire soket kafin ya buɗe? Ya gwada da mita ko da bayan hannu ya taɓa? Da ya ga gas ya ƙare, ya nemi inda yake yoyo ko kuwa ɗura sabo kawai ya yi, don mai kaya ya sake dawowa bayan wata biyu? Abin da bai gani da idonsa ba sai ya yi tambaya a kansa: "Malam, da a ce kwamfuresar ce ta ƙone, ta yaya za ka gane?" Yana karɓar shaidar maigida da ta abokan ciniki, yana ɗaukar hoton aikin da aka gama, duk ya tara a fayil ɗaya mai sunan mutumin. Kowace hujja sai ta tsallake tambayoyi kafin ta shiga fayil. Ta shafi abin da ake aunawa? Shi ne ya yi da hannunsa? Ta kwanan nan ce, ko aikin shekara goma da suka wuce ne? Ta isa, ko sau ɗaya ne ya dace? A ƙarshe babu maki, babu na ɗaya babu na biyu. Hukuncin biyu ne kawai: ya ƙware, ko bai kai ba tukuna. Wanda bai kai ba a faɗa masa daidai abin da ya rage, ya je ya gyara ya dawo.

A samansa akwai mai duba ingancin cikin gida, wanda shi ba mai sana'ar yake aunawa ba, mai tantancewar yake aunawa. Yakan zaro fayiloli daga tsakiyar tari ba tare da sanarwa ba, ya ga ko hujjar da ke ciki ta kai hukuncin da aka yanke. Yakan tara masu tantancewa na cibiya ɗaya ya ba su aiki guda su auna, don kada a wayi gari mai sassauci yana Fagge, mai tsanani yana Tarauni, takarda kuma iri ɗaya. A samansa shi ma akwai mai duba na waje, wanda hukumar da ke ba da takardar ke turowa, irin NABTEB da aka kafa a 1992. Shi ne ke da ikon cewa a dakatar da takardun cibiya baki ɗaya.

Wurin da aka fi jin labarin gwada wannan tsari a kan masu sana'ar kasuwa a Arewa shi ne Panteka ta Kaduna, inda maƙeran zamani ke ƙera injin niƙa da tukwane da kayan gyara daga tsofaffin ƙarafa. Lokacin da Farfesa Idris Bugaje yake shugabancin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ya jawo su kusa da makarantar, kuma da ya koma shugabancin NBTE a 2021 ya tafi da wannan ra'ayi na a auna abin da mutum ya riga ya iya a ba shi shaida, maimakon a mayar da shi aji. A Kano ma an taɓa. Shirin Mafita, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ya yi aiki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, yana ajiye matasa a hannun iyayen gida na kasuwa ana bin su da tantancewa. Bayansa Bankin Duniya ya amince da shirin IDEAS a 2020, na dala miliyan 200, Kano tana cikin jihohi shida da aka fara da su, kuma wani ɓangarensa kan koyon sana'a irin na shago ne.

To ina intanet a duk wannan? A nan nake da ra'ayin da masu sayar da kwasa-kwasai ba za su so ba. Tun bayan kullen korona na 2020, da makarantu suka rufe aka koma darasi ta rediyo da talabijin da waya, kowa ya ɗauka cewa maganin ƙarancin ajujuwa shi ne a zuba darasi a manhaja. NBTE ta buɗe wa kwalejojinta ƙofar karatu daga nesa, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa miliyan uku kan fasahar zamani, cibiyoyi masu zaman kansu kuma sun cika Facebook da talla. Amma zuba darasi shi ne ɓangare mafi sauƙi. Wani nazari da aka buga a mujallar Science a 2019, kan darussan jami'o'in Harvard da MIT a dandalin edX, ya gano cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kusan uku cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka shiga suka kammala. Yawancin ɗaliban nan fa ba su da matsalar wuta, ba sa lissafin data. Ina ga yaron da ke kallon darasi a tsaye, tsakanin aiken maigida biyu?

Saboda haka mai kula da ingancin koyo ta intanet, in ya san aikinsa, ba yawan waɗanda suka yi rajista yake ƙirgawa ba. Yana buɗe bayanan manhajar, ko Moodle ce ko wata, ya ga a wane darasi mutane ke tsayawa ba su dawo ba, ya je ya gano dalili. Sau da yawa dalilin ba zurfin ilimi ba ne. Bidiyon ya yi tsawo yana cinye data. Ko Turancin mai bayanin ya yi nauyi. Ko kuma an nuna gyara da na'urar da babu irinta a duk faɗin Sabon Gari, alhali da an tambayi masu sayar da kayan an ji irin inbata da baturan da ke shigowa bana. Darasin sana'a yana tsufa da sauri, kamar tumatir a kwando, kuma dole a sami wanda aikinsa ne ya riƙa juya kwandon yana fitar da ruɓaɓɓu. Sannan ga babbar tambayar da babu manhajar da ta warware ta: wa ya riƙe wayar lokacin jarrabawa? A unguwa ɗaya yaro guda mai jin Turanci yana iya amsa wa mutum goma.

Inda waya ta fi amfani, a ganina, ba wajen koyarwa ba ne, wajen tara hujja ne. Mai tantancewa ɗaya ba zai iya bin mai haɗa sola zuwa kowane rufin gida daga Kurna zuwa Hotoro ba. Amma mai haɗawar zai iya sa a ɗauke shi bidiyo, fuskarsa da hannunsa a fili, ba a yanke ba, daga auna nauyin kayan wutar gidan har zuwa ɗaure waya ta ƙarshe. Mai tantancewa ya kalla, ya kira shi ya yi masa tambayoyin da wanda bai yi aikin da kansa ba ba zai iya amsawa ba, sannan ya zaɓi aiki ɗaya ko biyu ya je ya gani da ido. Mai duba na waje kuma yana Kaduna ko birnin Benin zai iya buɗe fayil ɗin. Wannan hanya ta fi kowa yi wa mata amfani. Telolin da ke ɗinki a cikin gidajen Fagge, da masu girkin sayarwa da masu gyaran jiki, ba shago gare su ba, kuma ba kowane maigida zai bar baƙon namiji ya shigo ya zauna yana kallon matarsa tana aiki ba. Mace mai tantancewa da waya a hannu tana shiga inda hukuma ba ta taɓa shiga ba, kuma irinta sun yi kaɗan.

Matashin da ke sha'awar wannan layi, abu na farko da zai sani shi ne ba a fara shi daga sama. Ƙa'idar tsarin ita ce mai tantancewa ya kasance ya iya sana'ar da yake aunawa. Daga nan ya shiga horon tantancewa a cibiyar da NBTE ta yarda da ita, kuma shi kansa da irin ma'aunin za a auna shi: sai ya tantance mutane na gaske wani yana kallonsa, ya tara nasa fayil ɗin. Bayan ya goge ya nemi matakin duba na cikin gida, sannan na waje. Wanda ya haɗa wannan da sanin manhajojin koyarwa, da ƙa'idar ISO 21001 ta 2018 kan tafiyar da cibiyoyin ilimi, ƙofofi da dama suna buɗe masa: kwalejoji, asusun horar da ma'aikata na ITF, cibiyoyin gwamnatin jiha irin ta koyon sana'a mai sunan Aliko Dangote a Titin Zariya, da ƙungiyoyin agaji. Amma kada a ruɗe shi. Yawancin aikin yana zuwa ne da shiri, yana tafiya da shiri. In kuɗin masu tallafi ya ƙare, alawus ya tsaya. Akwai kuma buƙatar da ba a rubuta ta a kowace takarda ba: harshe. Ma'aunan da Turanci aka rubuta su, masu sana'ar kuwa Hausa suke ji, ko Ibo, ko Turancin buroka. Wanda ba zai iya juya sakin layi na ma'auni ya zama tambayar da dattijo mai walda zai amsa ba tare da ya ji an raina shi ba, to zai kayar da gwanaye ya tsallakar da masu baki.

Abin da ke kashe sana'ar kuwa sananne ne. Cibiya ana biyanta ne gwargwadon yawan waɗanda ta yaye, mai tantancewa kuma cibiyar ce ke biyansa. Ranar da ya rubuta "bai kai ba tukuna" a fayil talatin cikin ɗari, shugaban cibiya zai kira shi ofis, ba da faɗa ba, da lallami: "Haba Injiniya, yaran nan marayu ne, ka taimaka." Wani lokaci kuma ɗan gidan mai unguwa ne, ko jerin sunaye ne daga ofishin ɗan siyasa. Mun riga mun ga yadda bikin yaye ɗalibai yake zama: kwana biyar na bita, riga da hula, keken ɗinki a gaban kyamara, washegari keken yana kasuwa ana cinikinsa. In takardar NSQF ta bi wannan hanya, 'yan kasuwa za su gane cikin shekara ɗaya, don su ba a yi musu wayo sau biyu, kuma za su jefa ta inda suka jefa sauran. Shi ya sa nake ganin matakin duba na waje, wanda ya fi kowanne gundura, shi ya fi cancantar a kashe masa kuɗi, kuma kuɗin kada ya bi ta hannun cibiyar da ake dubawa.

Saura mutum ɗaya da takardun tsari ba su cika ambata ba, alhali in bai buɗe ƙofa ba babu mai shiga: maigida. Shagonsa ne wurin tantancewar, kayan abokan cinikinsa ne abin gwajin, lokacinsa ne ake ci. Kuma ya san lissafi. Yaron da ya sami takarda mai hatimin hukuma ba zai ƙara shekara uku yana share shago ba; zai tafi, wataƙila da rabin masu kawo aiki. Don haka in baƙo ya zo da jaka yana maganar ma'auni, amsar da zai samu ita ce, "To, madalla, Allah Ya taimaka," a ba shi kujera da ruwan sanyi, kuma ba za a sake ɗaga wayarsa ba. Masu hikima a cikin ma'aikatan ba sa farawa da yara. Ta wajen shugabannin ƙungiyar layin suke shiga, su fara auna iyayen gida, a ba maigida tasa takardar a matakin da ya fi na yaransa, kowa ya gani a bangon shago. Daga cikinsu kuma ake zaɓar waɗanda za a horar su zama masu tantancewa, don babu mai gane aikin ha'inci a cikin janareto kamar wanda ya shekara ashirin yana buɗe shi. Sharaɗin da ya kamata a riƙe shi ne kada mutum ya yanke hukunci a kan yaronsa, ko ɗan ƙaninsa, ko yaron wanda suke gaba da shi. Na layin Titin Faransa a tura shi Ƙofar Ruwa, na Ƙofar Ruwa a kawo shi Sabon Gari, kuɗin mota kuma a sa shi cikin kasafi tun farko.